Jirgin da Ya Faɗi a Gayaunar Inna

Shekarar da Baba ya rasu na je Hamdara na ɗauko Inna na kawo ta Zinder. Na ce wa dangi saboda ciwon ƙafarta ne, likita ya fi kusa a gari. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Aurena ya riga ya mutu, abokan da muka tashi tare sun watse, wasu Yamai, wasu Agadas. Na gaji da in dawo gida in tarar da ƙofa yadda na bar ta.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona. In tana da magana sai ta faɗa wa buta ko bango. "A gaya wa mai gidan nan gishiri ya ƙare," alhali daga ni sai ita a gidan. Wani zai ce wannan ai ba zaman hira ba ne. Ni kuwa ya ishe ni. Ko tarinta na ji ta bayan bango, na san akwai mutum.

Rani ya wuce lafiya. Da aka yi ruwan farko sai na same ta a bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara sakewa ba. Kullum lissafinta ɗaya: yanzu an yi shuka, yanzu ana noman farko, ko wa ya kula da gayaunarta, wato ɗan filin da Baba ya yanka mata a gefen gona tun tana amarya. Wata safiya na ga ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a ƙarshen gado. Na san Hamdara ta nufa.

Na ce, "Inna, ki yi zamanki. Gonar zan kawo miki har ɗaki."

Ta bar ƙunshin a inda yake.

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. Ina da ɗan jirgin nan marar matuƙi, duron, mai farfela huɗu da kamara a ƙirji, wanda amare ke so ya zagaya kan taronsu. Inna tana kiransa ƙwaro. Lokacin da gero ya fid da kai na sa shi a jaka na hau babur zuwa ƙauye. Ƙanwata, wadda ita da mijinta ke noma gonar yanzu, ta raka ni har bakin iyaka. Na tashi jirgin ya yi sama, na zagaya, na ɗauko gonar kaf. Sannan na sauko da shi don in matso kusa da gayaunar.

A tsakiyar gayaunar akwai gawo. Kowane yaron ƙauye ya san gawo yana zubar da ganye ne da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin kore. Ni ma na sani, amma zaman birni ya shafe mini. A fuskar salula ina neman inuwa mai duhu in kauce mata, shi kuwa yana tsaye tsirara, rassansa sirara kamar zare. Na ji ƙarar karo, hoton ya juya, ya ɗauke. Mun daɗe muna kutsawa cikin gero kafin mu same shi kwance a yashi, hannu ɗaya a karye, batir ya mutu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na manta ɗan katin ajiya a cikin ordinater, wato kwamfuta, a gida. Duk abin da aka ɗauka yana cikin cikin jirgin ne, ba kuma zai fito ba sai jirgin ya kunnu. Na kai wa mai gyaran salula a kasuwa. Ya juya shi, ya miƙo mini.

"Piyes ɗin gyaran wannan babu shi a nan Damagaram. Sai an aika Kano ko Yamai, kuma ban san ranar zuwansa ba."

Na san kafin ya iso an girbe gero, Inna kuma ta tafi. Na koma gida na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar ɗaki.

Ban taɓa buɗe cikinsa ba. Kusoshinsa ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, turnabis, wato ɗan sukudireban da nake gyara madubin idona da shi kaɗai ya shige su. Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar rediyon Baba na riƙa manna su a kai don kada su ɓace. Yashi ya cika injinan farfela, in ka juya da yatsa sai ka ji suna ƙasƙas. Na yi ta share su da gashin kaza da tsohon buroshi, ina hurawa har kaina ya yi ciwo. Can ciki na ga ainihin ɓarnar: wayar da ke kai wuta daga batir ta tsinke daga gindinta, tana buƙatar dalma.

Sai wutar lantarki ta fara halinta. Da na sa ƙarfen dalma ya fara zafi, sai a ɗauke. Na zagi wanda na zaga, na gaji. Daga ƙarshe na hura gawayin shayi na riƙa gasa bakin ƙarfen a kai. Dalmar ta yi ta gudu inda ba a aike ta ba. Babu wanda zan ce wa riƙe mini nan. Da haƙori na riƙe wayar, gumi yana ɗiga a kan ƙyallen. A yinin nan na ji kaɗaici fiye da ranar da matata ta kwashe kayanta.

Hannun da ya karye na yi ta shafa masa kol, wato gam, yana sake ɓallewa. Wata la'asar na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce, dafe da sanda.

Ta ce wa labule, "Mai ɗori ba ya ɗaure ƙashi haka kawai. Kara yake sa masa gefe da gefe. Kuma ba a taɓa shi kullum don a ga ko ya kama."

Na yanko wayar ƙafar keke biyu, na sa gefe da gefe, na naɗe da zaren ɗinki, na zuba kol a kai. Na bar shi ya kwana ya wuni ban taɓa ba. Ya kama.

Ranar da na danna maɓalli fitilunsa suka kawo, ya yi ɗan kukansa na tashi, sai da na zauna a ƙasa. Na kwashe hoton na zuba a ordinater, na kai mata ɗaki ina ji da kaina.

Ta kalli gonar daga sama, kore shar, da layin hanya da rufin rumbuna. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan tabarmar wa ce?"

Na ce gonarmu ce. Ta girgiza kai. Ita ba ta taɓa ganin gonarta daga inda shaho yake ba, a sunkuye ta san ta. Na kai hannu zan rufe, don na san abin da ya rage faɗuwar ce kawai. Hoton ya hantsila cikin rassa, ya tsaya. Ashe kamarar ba ta mutu nan take ba, sai daga baya wayar batir ta ƙarasa tsinkewa. Tana kwance a yashi ta ci gaba da ɗauka: gindin gero, wake yana yaɗo, jan karan yakuwa, da wani fasasshen tulu a jingine da gawo.

Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Tuluna ne. Ga yakuwata ta fito da kanta." Ta nuna da yatsa. "Dubi ciyawa. Ba su yi maimai a nan ba."

Ta sa na maimaita mata wurin har aka kira magariba. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun rasuwar Baba. Na yi murna, wallahi, na ɗauka na yi nasara. Da safe na tarar da ita a zaure, ƙunshin yana kan cinyarta.

Ban yi gardama ba. Wanda ya ga fuskar jiya ba zai iya ba. Na samo mota na kai ta Hamdara. Da zan juyo, ina tsaye a gabanta, ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan ya riƙa cin abinci."

Jirgin yana tashi har yau, sai dai yana ɗan karkata ta gefen ɗorin. Na dawo Zinder da la'asar, na tarar da ƙofa yadda na bar ta.