Kunya Ɗaya Cikin Burtali

Ƙarfe takwas daidai ake fara tatsuniya, domin a lokacin ne Baba ke kashe rediyo ya shiga ɗaki. Waɗanda ke wurin su ne kakarmu Iya a kan tabarmarta, yayata Hajara a damanta, ni a hagunta, sai ƙanena Lawal da bai taɓa kai ƙarshen tatsuniya ido biyu ba. Wutar da muke zama gefenta ma ba tamu ba ce, ta shanu ce. Ana hura ta kusa da turke don hayaƙi ya kore musu sauro, mu kuma mu raɓa.

Ɗana Sani ne ya tuno mini da wannan zama. Gonarmu ta bayan Mabai tana iyaka da burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki. Bana ya nemi in bar shi ya haɗe burtalin da gona, tunda an daɗe saniya ba ta bi ta nan ba. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

A zamanin Iya ba mai yin wannan magana. Takan ce burtalin ya taso daga ƙasar Kankara, ya ratsa Faskari, ya kai Sabuwa, kuma garke guda kan wuce ba a taɓa ganyen dawa ba. Bayan girbi Fulani su sauko, manoma na rige-rigen kai musu damin dawa don shanunsu su kwana a gona su bar taki.

Iya ba ta farawa sai ta tsokane ni. "Kai mijin banza, ko goro ba ka kawo mani ba, amma ka fi kowa miƙa kunne."

"Iya, ai na sake ki tun jiya."

"To gobe ka dama furarka da kanka." Sannan ta gyara zama. "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta zo, akwai wuri."

Wani manomi ne, Tanko, gonarsa na jikin burtali. Shekarar farko ya ja kunya ɗaya cikin hanyar shanu ya shuka dawa. Tsohuwar saniya mai jan garke ta tsaya ta ce, "Malam Tanko, hanya ta matse." Ya ce, "Haba, kunya ɗaya ce." Shekara ta biyu ya ƙara, ta uku ma haka, amsarsa ba ta sauya ba. Har ta kai shanu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, suna tsuke ciki.

Sai tsohuwar ta tara garke ta kafa doka: daga yau kowace saniya ta riƙe kashinta, kada ta saki sai an wuce gonar Tanko. A nan Iya kan kumbura kumatu ta matse jiki kamar saniyar da ta matsu, mu yi ta birgima don dariya. Gonar ta rasa taki, dawa ta tsaya iya gwiwa. Ƙarshe aka ga Tanko da kwando a ka yana bin shanu har Sabuwa, yana roƙo, "Ku taimaka, ko ɗan kaɗan."

Ran nan Hajara ta tambaya, "Iya, wace kunyar yake nufi? Ta gona ko ta ido?"

"Duka biyun, ɗiyar nan. Ya ja ɗaya a gona, ɗaya ta fita daga idonshi."

Muna yara, kashin shanun kaɗai muka riƙe. Sai da na girma na ga abin a tsarinsa. Da farko mutane suka yi yawa, kowa ya ja kunyarsa. Bayan haka shanu suka fara faɗawa gonaki, aka shiga ƙara wurin mai gari. Takin buhu ya zo, aka daina kai wa Fulani dami, gaisuwa ta ragu. Sannan ɓarayin shanu suka shigo, suka kwashe na Bahaushe da na Bafulatani. Ban ce burtali kaɗai ya jawo ba. Amma turkenmu yau babur ake kafewa a wurin, kuma wanda ya san karar shanu ta Yankara a da, ya san ta rame.

Ranar Juma'a bayan masallaci na kai Sani bakin gonar, na ba shi tatsuniyar daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata.

"Baba, wace saniya ce za ta riƙe mana kashi? Ai babu su."

Na ce, "Idan ƙasa ta lafa za su dawo. In suka tarar da dawa a hanya, rigima sabuwa. Ka je ka saro aguwa."

Ya yi gunaguni, amma ya saro. Muka dasa ta a kan tsohuwar iyaka, gona a nan, burtali a can.

Mai karatu, idan gonarka na jikin burtali, ka nemi dattijon da ya san asalin iyakar, ku je tare ya nuna maka, ka tsai da garmarka a nan.