Lambar Lawali a Jerin Alluna

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar taubashina Lawali, kuma bana ce tunawa da shi ta fi hana ni zama wuri ɗaya. Na fara wannan rubutu a sabon shagona, na ci gaba a gida, na yayyaga, na sake.

Samarin da ke zuwa Tamanrasset aikin gini yanzu, kowa da salula a aljihu, ba za su gane abin da ya cinye rayuwar Lawali ba, don haka bari in yi bayani. Kafin intanet ta iso mana, akwai masu haɗa ordinatarsu, wato kwamfuta, da layin tarho su bar ta a kunne. In kana da taka sai ka kira lambar, na'urorin biyu su yi ta ƙara kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, sannan ka karanta saƙon da wasu suka bari, ka bar naka. Allon saƙo muke ce masa. Lawali mai gyaran rediyo ne a bayan Kasuwar Assihar, ya kafa nasa allon a shagonsa. Ta nan 'yan Damagaram da yawa mazauna nan suka ji haihuwa da rasuwa na gida, don akwai wani malamin lekkol, makarantar boko, a Agadas da ke karɓar saƙo daga direbobi ya turo.

Su alluna mutuwa suke yi ba sallama. Shi ya sa masu abin, daga birnin Alje har Yamai, suka haɗu kan jerin lambobi guda, kowa ya kula da yankinsa. Kudu, yankinmu, ta faɗa hannun Lawali. Ba ya barin lamba a jerin sai ya kira da kansa ya ji ƙarar nan da kunnensa, ko da wa ya rantse masa tana aiki. Ya taɓa goge ta amininsa na Arlit, mutumin ya daina gaishe shi.

Na ce, "Kai dai ba ka da kara, ɗan kawu."

"In tura baƙo gidan da aka tashi?" ya ce, bai ko ɗago kai daga rediyon ba.

Jerin yana nan har yau a intanet, hannun tsofaffi 'yan kaɗan masu taurin kai irin nasa. Nakan tambayi kaina me zai ce da wannan zamani. Salula kam zai so ta, zai kwance ta ya ga cikinta. Abin da zai ɗaga masa hankali shi ne yadda muke tura labari gaba ba wanda ya tsaya ya ji ko gaskiya ne.

Bayan rasuwarsa na riƙe shagon, na bar allon a kunne. Bara aka rushe layin shagunan, tarhon ya tafi da su. Na yi ta zirga-zirga a buro, ofishin tarho, don a mayar mini da lambar, abu ya ƙi. Watan jiya mai kula da jerin a Alje ya tambaye ni: a bar ta ko a cire? Kabarin Lawali ba suna, shagonsa ya zama fili, 'ya'yansa sun koma gida. Layin nan ɗaya na cikin jerin ne kaɗai wurin da sunansa ke rubuce kusa da aikinsa, kuma ba na so ya fita.

Da abin ya ishe ni, sai na kira lambar. Wata dattijuwa ta ɗauka, daga unguwar Tahaggart, Hausarta ta Abzinawa. Ashe ita aka ba layin. Na fara bayani, ta katse ni.

"Ku ne masu kukan nan, Malam? In ɗauka, ƙara a kunne, ba mai magana. Ɗana nake jira, yana Libiya, tun bara ban ji muryarsa ba. Duk lokacin da tarhon ya buga sai in taso, ga ƙafafuna ba lafiya."

Na ba ta haƙuri, na ajiye. Ranar na aika Alje a cire.

Sunan Lawali ya fita, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Har yanzu nakan buɗe jerin in duba gurbin. Abin da ya rage nasa ba a rubuce yake ba: ni da na yi shekaru ina masa tsiya kan kiran lambobi, sai da na kira kafin na iya yanke magana. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Ita kuwa dattijuwar, in tarhonta ya sake bugawa, Allah ya sa ɗanta ne.