Masakwar Ya Fanna

Duk wanda ya zauna a Kwarin Tsamiya, wani ɗan ƙauye a bakin fadama kudu da Taura, ya san Ya Fanna, kuma abin da zai fara gaya maka a kanta shi ne ba ta iya zama ba. A tsaye take shan kunu. In an shimfiɗa mata tabarma sai ta ɗosana a gefe, takalma a hannu, ido a kan hanya. Mota ta yi ƙara a titin Haɗeja, ko a tsakiyar magana take sai ta yi shiru har ƙarar ta ɓace.

Babarbariya ce, daga wani gari a hayin Tafkin Cadi. A farkon shekarar 1992 yaƙi ya iso garinsu. Masu bindiga suka shigo da hantsi suna tambayar wa ya ba abokan gabarsu abinci, kuma duk wanda sunansa ko tsagar fuskarsa ba ta yi musu ba, sai a jefa shi a mota. Mijinta yana cikin waɗanda aka jefa. Ba ta sake ganinsa ba.

Su goma sha ɗaya suka faɗa kwalekwale. Biyu suka rasu a hanya, uku suka tsaya wajen dangi a Borno. Sauran shidan suka ji raɗe-raɗin ana mayar da waɗanda suka ƙetaro, to ina zama? Motar kifi ta kawo su Haɗeja, wata ta ɗauko su ta lalace a Taura. A nan Malam Nata'ala, manomi kuma ladanin masallacin Kwarin Tsamiya, ya gan su a gindin bishiya ran kasuwa. Bai tambaye su komai ba sai abu ɗaya.

"Bayin Allah, kun ci abinci?"

Da la'asar suna cikin amalankensa. Ya ba su ɗakuna biyu a gidansa.

Abin da Ya Fanna ta fito da shi daga gida bai wuce zanin jikinta da wani ƙulli a ƙugu ba. Irin masakwa ne, wato dawar mutanen tafki wadda ba a shukawa da damina, sai ruwa ya janye a dasa ta a laka. A hanya yunwa ta matsa, musamman ga Amina, wata yarinyar maƙwabtansu mai goyo da ta biyo su. Malam Bunu, yayan mijin Ya Fanna, dattijo mai ɗingishi, ya ce da ita, "Fanna, mu mutu da hatsi a ƙugunki?" Ta kwance, tana ɗiba ana dafa wa Amina a gwangwani, kwana biyar. Da ya rage cikin tafin hannu bakwai ta ɗaure tam.

"Wannan ko ni ce zan mutu, ba a dafa shi. Ƙasar da ya yi kai a cikinta, nan Allah ya ba mu. In ya ƙi, mu ƙara gaba."

Wannan magana ita ta hana kowa sakat a cikinsu. Malam Bunu ƙafa ta gaji, Amina ba ta son sake saɓa ɗanta, amma sun san in Ya Fanna ta miƙe, bin ta za su yi, don ita ta fito da su. Safara'u, matar Malam Nata'ala, ta sha cewa, "Yaya, ga duwatsu can bayan rumbu, ki kafa murhunki mana." Amsar dai ɗaya ce, "Bari tukuna." A murhun Safara'u take girki, wata da watanni.

Da ruwan shuka ya sauka Malam Nata'ala ya ce ta kawo irin ya haɗa da nasa. Ta ƙi. Mutane suka ce baƙin ciki ne, a ƙyale ta. Sai da gero ya fitar da kai sannan ta yayyafa irin a ɗan fili bayan gida. Da ruwa ya janye daga fadama ta roƙi wani kwari mai baƙar laka wanda ba mai so. Su shida suka shiga. Malam Bunu yana huda ƙasa da ƙaton sanda mai tsini, Amina tana zuba rabin moɗar ruwa a kowane rami, Ya Fanna tana datse kan tsiro tana saka biyu biyu da bisimilla. Masu wucewa da dammunan gero a ka suna dariya.

"Jama'a na kai amfani gida, Barebari yanzu suka tuna da shuka! Sannunku da himma, Ya Fanna. Da me za ki yi ban ruwa, da hawaye?"

"Da abin da Allah yake shayar da kuka," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Hausarta ta cinikin kifi ce, amma tana kai saƙo.

Ikon Allah, masakwa ta kama. Ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsohuwa, ko'ina ya bushe, kwarin nan kuwa kore shar. Kullum da asuba Ya Fanna tana can, tana zagaye, tana taɓa ganye. In ganye ɗaya ya yi ja, ranar ba mai ganin haƙoranta.

To, akwai abin da ba wanda ya gaya mata, don kowa ya san shi har ba a faɗa. A ƙasar nan, in an gama kwashe amfani, mai unguwa yakan sa a yi shela cewa gonaki sun buɗe, makiyaya su shigo da shanu su ci kara su bar taki. Kwarin nan kuma shi ne hanyarsu ta zuwa ruwa. Su ma makiyayan ba wanda ya tuna ya gaya musu, don wa zai kawo a ransa akwai gona a tsaye da rani?

Wata Asabar da hantsi, Malam Nata'ala ya tafi Ringim, Ya Fanna da Amina suna gona. Masakwa ta fara ciki. Sai ga ƙasa tana motsi daga gabas. Ta hango mutane a jere, kowa da abu a gicciye a kafaɗa. Sanduna ne, amma idonta ba sanduna ya gani ba. Da hantsi, daga gabas, kamar wancan karon. Amina ta suri ɗanta ta ruga gari. Ƙafafun Ya Fanna ma sun ce gudu, har ta yi taku uku. Sai ta ji ƙarar ganye a bakin shanu.

Ta juyo. "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," ta faɗa. Ta ware mayafinta da hannu biyu ta shiga gaban garke, ita kaɗai, ƙahoni ta ko'ina.

Wani dattijon Bafulatani mai malfa ya ratso shanun. Modibbo ake ce masa, shi ne babban rugar kuma malaminsu. Ya dube ta, ya dubi tsagar fuskarta, sai ya riƙe haɓa.

"Kai, kai, kai! Yau ga baiwar gidanmu ta ɓato har Taura. Ke Babarbariya, wa ya kwance ki?"

Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Duk inda suka haɗu sai kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Ya Fanna ta yi wata goma ba wanda ya tsokane ta, kowa sai "sannu" da "Allah ya ba da haƙuri". Kafin zuciyarta ta yi shawara baki ya riga ya amsa.

"Bawan kakana, yaushe ka sami bakin magana? An ba ka kiwo, ka rasa inda za ka sake su sai gonar uwargijiyarka?"

Modibbo ya tuntsire da dariya. "Gona? Da rani? Barebari dai Allah ya shirye ku." Ya sunkuya ya murza ganye, ya dubi ramukan a jere. Dariyar ta tsaya. "Muskuwari!" in ji shi, haka suke kiran ta. Ya san ta tun yana saurayi, lokacin da suke kiwo can gabas. Ya daka wa 'ya'yansa tsawa da Fillanci, sanduna suka tashi, shanu suka karkata. Amma kafin a fitar da na ƙarshe, kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi.

Ya Fanna ta zauna daɓas a kan laka. Modibbo ya tsuguna nesa kaɗan ya tambaye ta, ta gaya masa a taƙaice, mota, kwalekwale, tafi bakwai. Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda.

"Ƙanena ma can ya rage, shi da shanunsa," ya ce. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Tashi, baiwa. In aka ji a rugage shanuna sun cinye gonar Babarbariya, ina zan sa kaina? Shekara goma za ku yi kuna yi mana gori."

Washegari shi da 'ya'yansa suka sassaro ƙaya. Malam Nata'ala, kunya ta ishe shi don bai tuna ya faɗa ba, ya kira gayya, har da masu dariyar nan, aka kewaye kwarin. Da yake wasu garkunan ma nan suke bi, Modibbo ya taso da rugarsa ya kafa a bakin hanya. Don korar tsuntsaye kuma 'yan gudun hijirar suka raba wa kansu kwana, Malam Bunu yana zaune yana kaɗa gwangwanaye. Ya Fanna dai ba ta huta ba, kullum sai ta je ta ce wa Modibbo shingen nan aikin rago ne.

Ana saura kwana kaɗan azumi aka yanke. Dami biyar. Ba zai ciyar da mutum shida ba, amma kawunan farare ne, cike. Ta ba shanun Modibbo karan, ta ce ladan bawa ne. Sannan ta zagaya bayan rumbu ta ɗauko duwatsu uku, ɗaya bayan ɗaya, ta kafa a ƙofar ɗakinta. Safara'u ta rangaɗa guɗa. Malam Bunu ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Ta ƙara shekara takwas a Kwarin Tsamiya. Zama dai ba ta koya ba. Shekarar da rikicin Kaduna ya koro mutane, ita ce ta fara kai tukunyar kunu bakin titin Taura, tana leƙa kowace mota. Ta rasu shekara guda bayan an ƙaddamar da shari'a a Jigawa. Da mata suka zo yi mata wanka sai suka tarar da ƙulli a ƙugunta. Amina ta kwance ta auna, tafi bakwai. Ta ɗan tauna ƙwaya ɗaya, ta ji irin bana ne, ta zuba shi a tukunya ta ajiye sai ruwa ya janye.