Jakin da ya kwana goma sha tara a gidanmu

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, akwai wani dattijo da ke kawo wa mahaifiyata itacen suyar masa a amalanken jaki. Dogo ne, muryarsa kamar ta injin niƙa. Ni kuwa ko kaza ta yi fiffike sai na tsorata, har gobe ana yi min dariya a gida.

Wata safiya jakin ya durƙushe a ƙofar gidanmu da kaya a kansa. Na leƙo ta zaure sai na ga mutumin yana zabga masa guntun tiyo. Da igiyar amalanken ta zame, na hango gyambo a gadon bayansa, an shafe shi da baƙin man mota, ƙudaje sun rufe wurin. Na dai laɓe a bayan ƙofa, na ɗauki bidiyo da waya.

Na ruga ciki na ce, "Inna, komisariya za ni, wurin 'yan sanda!"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ke da ba ki iya korar ƙadangare? Zauna. A Zongo ba a tsallake manya a kai mutum gaban hukuma. Je ki gaya wa kawunki."

Kawuna yana cikin dattawan da ke zama da mai unguwa. Na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya juya ta, ya sake kallo.

"Ɗiyata, wannan ai babban yatsan ƙafarki ne. Ina jakin?"

Tsoro ya sa rabin bidiyon ƙasa na ɗauka. Sai can ƙarshe gyambon ya fito, da ƙarar tiyo, da muryata ina ta salati. Kawu ya daina dariya. Ya ce kada in kuskura in tare mutumin ni kaɗai, kada kuma in watsa bidiyon a waya. In rubuta rana da lokaci da abin da idona ya gani, ban da abin da nake zato. Kwana biyu ina rubutawa a bayan littafin lissafi. Shi ma ya yi wa dattijon magana, dattijon ya ce masa jaki ba ya mutuwa da gyambo. A rana ta uku, da izinin mai unguwa, ya goya ni a babur muka tafi ofishin likitocin dabbobi.

Wata likita ce ta karɓe mu. Ta karanta takardata, ta ce washegari za ta zo. Na roƙe ta kada ta faɗi sunana, ta yi alkawari.

Ta cika alkawarinta kuwa. Ni ce na tona kaina. A ƙofar gidanmu ta tare shi da jakin. Tana wanke baƙin man nan, tsutsotsi suka fara fitowa daga cikin naman, sai na ƙwalla salati daga bayan ƙofar da na saba laɓewa. Dattijon ya juyo.

"Ashe ke ce mai salatin rannan."

Sai ya koma kallon gyambon. Can ya cire hularsa ya ce, "Madam, wallahi magani nake yi masa. Haka na ga ubana yana yi."

Likitar ta ce, "Baba, man nan ƙona naman yake. Faɗuwar da yake yi ba taurin kai ba ne, ciwo ne. In ka ci gaba da ɗora masa kaya, ba zai kai damina ba." Ta karɓe tiyon, ta ce za ta riƙa dawowa dubawa.

Matsalar ita ce inda jakin zai huta, don a bakin titi dattijon yake ɗaure shi wajen kasuwar Sankaryaare. Inna, wadda ta hana ni zuwa komisariya, ita ce ta ce a shigo da shi gindin mangwaronmu. Kwana goma sha tara ya yi. Ya cinye dusar tumakinmu, ya tauna gefen ɗankwalina a kan shanya, ya kuma haɗa da littafin lissafin nan, shaida da komai. Wani maƙwabci ya ara wa dattijon kurar turawa, ni kuma na yanka tsohuwar katifata aka yi wa jakin matashi a ƙarƙashin igiya.

Har yau in na ji ƙarar bulala a kan titi gabana faɗuwa yake. Tsoron bai tafi ko'ina ba. Abin da na gane shi ne ba sai na zama jaruma ba, ya isa in ga abu da kyau, in rubuta, in san wanda zan gaya wa.

Dattijon yana nan, yana kawo itace. Tun daga kwanar layi yake ɗaga murya, "Ina Madam Komisar? Fito ki duba bayan ɗanki!" Ni kuma sai in fito, in ɗaga matashin in duba. Gashi ya rufe wurin tuni, amma ban taɓa fasa dubawa ba.