Ragon Kawu Mai Ƙaho Ɗaya

Shekarar da na gama karatu na dawo Birnin Kudu ina zaman jiran aiki, sai na buɗe shafin intanet na sayar da raguna. Ni kaina ko kaza ban mallaka ba. Ragunan na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ke turka su a Kiyako ya sayar idan Babbar Sallah ta matso. Na zauna na tsara bayanin kowane rago kamar mai nema masa aure: shekarunsa, cimarsa, har da halinsa. Akwai wurin da shafin ke nuna masu leƙowa. Kullum na duba sai in ga ni ne, sai kuma ni ɗin dai a wayar ƙanwata.

Wani abokina ɗan Gwaram mai gyaran waya ya dubi shafin ya yi dariya. Ya ce, "Kai ma dai, wa zai zauna karanta tarihin rago? Jama'a gani suke so. Ka riƙa sa hotunansu a manhajar nan ta hotuna, ka liƙa adireshin shafinka a ƙasa. Wanda hoto ya burge zai danna."

Na ari babur na nufi Kiyako. Kawu ya saurare ni yana tsifar harawa, ya ce, "Wato hoton rago za ka ɗauka, ba nawa ba?"

Na ce, "Na rago, Kawu."

Ya ce, "Ɗauka. Dama ya fi ni kyan gani."

Na zaɓi wani ƙaton balami fari, na wanke shi da sabulu har ya tunkuye ni na faɗa cikin kwatarniya, sannan na ɗauke shi a gindin darbejiya. Hoton ya karɓu. Mutane suka fara shiga shafin, har aka kira ni daga Kano ana tambayar farashi. Na koma Kiyako ina hura hanci, na ce wa Kawu waɗanda suka kalli ragonsa sun fi mutanen kasuwa ranar da take ci.

Sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Duk sun gan shi? Suna cewa masha Allah kuwa?"

"Wasu suna cewa. Wasu kuma ɗan hoton wuta suke sawa a ƙasa."

"Wuta? A kan ragona?"

Na yi ta bayanin cewa yabo ne, amma ko kallona bai yi ba.

Washegari balami ya tashi da gudawa, ya ƙi cin dusa. Kawu ya kira ni ya ce baki ya kama rago, in cire hoton kafin azahar. Da na je, matarsa ta gaya mini a gabansa cewa ragon tsinke igiya ya yi, ya shiga maƙwabta inda aka yi suna, ya share rabin daron shinkafar da ta kwana. Kawu ya ce, "To me ya sa shi tsinke igiyar in ba baki ba?"

Na cire hoton, shafi ya koma kufai. Na dawo ina magiya. Sai Kawu ya ja ni bayan rumbu, inda ya ɗaure wani rago da ban taɓa gani ba. Ƙahonsa ɗaya ya karye, leɓensa ya zazzago, idonsa kuwa kamar yana hararar duk wanda Allah ya halitta. Ya ce, "Ga wanda za ka sa. Wannan ko duk Kano ta taru ta kalle shi, babu abin da ya rage da zai lalace."

Don haushi na ɗauke shi yadda yake, ko ƙaiƙayin da ke kansa ban kakkaɓe ba. Na rubuta a ƙasa: "Wannan ba na sayarwa ba ne, na kirkin suna cikin shafi."

Ban taɓa ganin cinkoso irin na makon nan ba. Wani ya rubuta cewa wallahi malaminsu na lissafi ne. Wata ta ce surukinta ne sak, har hararar. Kowa ya gama dariya sai ya danna ya ga na kirkin, kuma a cikinsu aka samu masu saye. Na tambayi Kawu ko su na cikin shafin baki ba zai kama su ba. Ya ce a'a, wanda ya shiga can da niyyar saye ya shiga, mai saye kuwa aibu yake nema, idonsa ba ya cutarwa. Kafin jajiberin Sallah turken ya zama wayam, har balamin da ya warke ya tafi.

Ana cikin haka wani Alhaji mai motocin haya ya taso tun daga Kano, ya ce mai ƙaho ɗayan yake so. Kawu ya ce, "Alhaji, wannan ai bai yi layya ba."

Alhaji ya ce, "Na sani, Malam. A bakin gareji zan ɗaure shi, direbobina su riƙa ganinsa da safe."

Kawu ya ce ya yi haƙuri, ba a sayar da ma'aikaci.

Daga ranar aka dawo da shi gaban gida, shi ake fara zuba wa dusa da ƙowar wake. Kafin wata Sallar ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi, hararar ma ta koma lumshe ido. Na sa sabon hotonsa, mutane suka yi ca, wai na canja musu rago, a dawo musu da nasu. Na roƙi Kawu ya rage masa abinci ko ya ɗan koma kamanninsa. Ya ce shi bai taɓa ganin ma'aikacin da ya samu wuri bai ajiye tumbi ba, in ƙyale bawan Allah ya ci guminsa.