Sallar da Na Kai wa Inna Bedi

Ranar ashirin da tara ga azumi: Dutsin-Ma

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, sanyi na cizon kunne. A kaina kwando, cikinsa gwangwanayen madara uku, kowane da ɗan dashen bedi, wato dogon yaro, da bai kai kamu guda ba. A kafaɗata gorar ruwa. Kayan Sallata ke nan kaf.

Matata Tabawa ta biyo ni har zaure.

"Malam, wai da gaske haka za ka je gaida Inna? Ba zane, ba goro, sai haki?"

"Ba haki ba ne, itace ne."

"Baƙin Salla fa, in sun zo?"

"Tukunya guda ta isa. Wanda bai ƙoshi ba ya san hanyar gidansu."

Sunana Sallau, leburan gandun daji ne ni, aikina ban ruwan dashe. Ɗan bokon da nake rubutu da shi a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa. Duk Ƙaramar Salla sai na yi sati biyu ina gadin shagon tela, ina neman goro, ina saran itacen girkin mutanen da ban gayyata ba. In Salla ta wuce in kwanta ciwon baya. Bara mahaifiyata, Inna, ta buɗe mani adakarta a ƙauyenmu Unguwar Tudu, cike da zannuwan da na kai mata, ko ɗaura su ba ta yi ba. Ta ce, "Jikina guda ne, Sallau. Inuwa nake so." Marken da ke ƙofar ɗakinta ƙannena sun sassare shi reshe-reshe, yau girkin Salla, gobe na suna, har ya mutu.

Malamin dajinmu da ya ba ni dashen sai da ya ce, "Ba a dashe da rani, ka jira damina." Na ce Inna ta tsufa ƙwarai, ga tari ya kama ta, damina kuwa da sauran wata biyar. Ya rubuta mani takarda ya ce in je, amma ba za su yi ba.

Tasha

Motar Katsina guda ce, sule da sisi zuwa Kurfi. Direban wani gajere ne mai baki kamar reza. Ya ce yanzu za a tashi. Ƙarfe shida ke nan. Ba mu tashi ba sai sha ɗaya saura kwata.

Na ajiye kwandona a kusurwar bodi, na sauka kama ruwa. Kafin in dawo wani Alhaji ya ɗora huhun goro a kai.

"Alhaji, ba ka ga kaya ba ne?"

"Wane kaya? Ganye na gani, na zaci shimfiɗa ce."

Ɗaya ya karye tun daga gindi. Goron da na gudu shi ya fara yi mani ɓarna. Saura biyu.

Hanya

Mutum sama da talatin a bodi, ga buhuna, ga kaji. Wata tsohuwa da ke gabana ta daɗe tana hararar gorata, can ta kasa haƙuri.

"Bawan Allah, kai ba ka azumi ne?"

"Ina yi, Baba."

"To gorar ta mece ce? Ƙato da kai, da furfura."

"Ta waɗannan ce. Su ba a wajabta masu ba."

Na tsiyaya masu kaɗan don ta gani. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba, Allah na gani.

Mun yi mil goma sha ɗaya mota ta fara huci, ta tsaya. Lagireto ya tafasa, ba gari kusa, ba rijiya. Direba ya leƙo bodi.

"Ina mai gorar nan? Miƙo ta."

"Ruwan dashe ne."

"To dasa mu nan mu ma, mu yi Salla a daji!"

Mota duk ta taso mani. Alhajin goro ya ce in ji tsoron Allah. Tsohuwar da ta zarge ni da shan ruwa ita ta fi kowa ɗaga murya a ba mota ta sha. Na miƙa. Direba ya juye tas, ya dawo mani da gora wayam, ko sannu babu. Awa biyu muka ƙara kafin inji ya huce, sanyin safe ya tafi, rana ta buɗe a kan kwandona. Na cire rawanina na lulluɓe shi.

Gab da Kurfi akwai shingen 'yan doka. Ɗaya ya ɗaga rawanin, ya ce daga wane gandu na tumɓuko su. Na ba shi takardar malamin daji. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Kai dai ka ɗauko wa kanka wahala." Duk ranar shi kaɗai ya faɗi gaskiya.

Kurfi

Huɗu da rabi muka iso. Mil ashirin, wuni guda. Saura mil shida a ƙafa, ga azumi, gwiwa ta ƙi. Na sauka gidan Alhaji Mamman mai hatsi, abokina tun muna kiwon awaki.

Abin da na guda a gida shi na tarar, har da ƙari. Daka ta ko'ina, hayaƙi, ana awon zakkar kono a zaure, an aiki mutum na uku wurin tela an dawo hannu banza. Alhaji na tsakiya yana faɗa da kowa.

"Sallau! Ka ga abin da telan nan ya yi mani? Riga uku, ko wuya bai fitar ba!"

"Ta bara ta mutu ne?"

"Kai dai har yau ba ka waye ba."

Da aka kira magariba aka kawo kunun tsamiya da ƙosai. Na fara zuba wa dashena ruwa kafin in kai kofi baki, Alhaji na dariya har da buga ƙafa. Muna idar da salla aka ɗauki guɗa, an ga wata. Sai ya jawo kwandon.

"Wannan tsarabata ce ke nan. Madalla."

Ya zaɓi mai kyan. Wa zai kwana gidan mutum, ya ci ƙosansa, ya hana shi tsaraba? Na bar mashi. Ya sa aka kai cikin gida, aka ajiye gefen turken awaki. Da safe gwangwani na gani da ɗan tsinke a tsaye. Alhaji ya ce, "Ashe suna ci?" Suna ci, Alhaji.

Ranar Salla: Unguwar Tudu

Da kwandon na je idi, na ajiye shi gabana kamar gawa, don ban ƙara yarda da kowa ba. Ƙarfe goma na kama hanya. Dashen da ya rage ganyensa duk ya langaɓe, rabi ya zube. Duk mil guda sai in sauke in tsiyaya mashi. Sha biyu da rabi na yi sallama.

Inna na zaune a rana kan tabarma, ta rame fiye da bara. Ƙanena Garba ya karɓi kwandon, ya leƙa, ya fashe da dariya.

"Yaya, wannan ne kayan Sallar? Tun daga Dutsin-Ma?"

"Uku ne. Hanya ta ci biyu."

"Rijiyarmu ka san nisanta. Wa zai riƙa jido ruwa don tsinke har damina?"

Ni kuwa ban yi wannan tunanin ba. Kwana biyu ina faɗa da mutane a kan gora guda, na manta wata biyar ɗin da ke gaba.

Inna ta ce a miƙo mata. Ta shafa ganyen, ta shinshina, ta yi tari.

"Garba, ɗauko fartanya. Ka ga dutsen da nake alwala a kai? Haƙa gefensa."

"Inna, yau Salla."

"Ranar Salla ka sare mani marke. Haƙa."

Ya haƙa. Na dasa, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ta ce, "Sau biyar a yini nake zubar da ruwa a nan, ƙasa na shanyewa banza. Yanzu ta samu mai tayawa." Shekara goma sha biyu ina ban ruwa a gandu, wannan dabara ba ta taɓa zo mani ba.

Tuwon dawa muka ci da miyar kuka, tukunya guda, aka sha fura. Ba wanda ya tambayi rigar wani. Da azahar na ga Inna ta ja butarta ta zauna kan dutsen, ruwan na gangarawa gindin bedi. Da la'asar ma haka. Daga baya Garba ya ce kwana biyun da na yi, ko alwalarta ba ta karye ba sai ta sake.

Komawa

Rana ta uku da hantsi na duba kafin in tafi. Ganyen da ya rage ya miƙe, ga wani ɗan toho ja a kai kamar kan allura. Inna ta rako ni bakin danga.

"Ka gaya wa malamin dajinku ya kama. Baɗi kuma, in da rai, ka taho da goro ko ƙwarya ce. Bedi ba a tauna shi."

A Kurfi na samu wata mota, wannan ba ta sha ruwan kowa ba. Ƙarfe uku na shiga gida. Tabawa ta dafa tukunya bakwai kamar kullum, baƙi sun cinye, itacen da na tara na wata guda babu ko sanda. Ta ce ita ba za ta ji kunya a unguwa don bedi ba. Na nemi gatari.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa malamin daji, da Alhaji Mamman saboda ƙosai, ban da awakinsa. Direban nan kuwa, ruwan gorata na bar shi da Allah. Wanda zai bi ta Unguwar Tudu ya duba mani gefen dutsen alwala, ya kuma gaya wa Garba kada ya taɓa bedin, na san inda gatarinsa yake.