Kujera Bakwai ta Alhaji Sanda

Bobigny

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Asabar na fito daga gida, lasisin tuƙi a aljihu, tikitin jirgin ƙasa na zuwa kawai a hannu. Me zan yi da na dawowa? Ai da mota zan dawo.

Ga yadda aka yi. Shekarar da matata Hadiza ta haifi tagwaye muka zama mu shida, motarmu kuwa kujera biyar ce. A ƙasar nan kowane yaro da kujerarsa da bel ɗinsa, ko da jiya aka haife shi. Wata biyar ba mu fita tare ba, kullum ita ake bari a hawa na bakwai da jarirai. Na yi mata rantsuwa babbar Sallah tare za mu je gidan yayarta. Na je ofishin kamfanin da ke ƙera motoci na ba da odar mai kujera bakwai. Komai a rubuce: launi, inji, yawan kujeru. Sai dai jira. Suka wuce ranar alkawari da sati uku, Sallah saura kwana goma sha biyu.

Ana haka Alhaji Sanda, abokin marigayi babana da ke Lyon, ya bugo waya. "Ga irinta nan aje wurin wani dila. Na gan ta da idona."

"Baba, tana ɗaukar mutum bakwai?"

"Har da saura!"

In ce wa abokin ubana ya aiko hoto? Kunya ta hana. Ranar Juma'a na soke odata.

A jirgi

Metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya kai ni tashar jirgi shida da minti biyar, muka tashi bakwai saura. Tikiti yuro sittin da takwas, kofi ɗan mitsitsi yuro uku, fashi da rana tsaka. Mai duba tikiti ya tambaya ko yau zan koma. Na ce, "Da motata." Bakin nan nawa!

Lyon

Bayan awa biyu muka sauka. Taram, jirgin kan titi, ya kai ni unguwar La Guillotière, na tarar da Alhaji a shagonsa na atamfa. Gaisuwa ta ci minti ashirin, sannan ya ce ba inda za mu sai na ci shinkafa da miyar gyaɗa, da ƙarfe goman safe. Bas ta yi da mu minti arba'in zuwa bayan gari.

Dilan ya tarbe mu da haƙora talatin da biyu. Ga mota baƙa tana ƙyalli. Na buɗe baya na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Biyu a gaba, uku a baya, sai but na kaya fayau.

"Ina sauran biyun?"

"Samfurin ɗaya ne, yallaɓai," in ji dilan da Faransanci. "Wannan ma ta fi wurin kaya."

"'Ya'yana kaya ne? Da na kira ka ranar Alhamis ban ce bakwai ba?"

"Kun ce samfuri kaza. Ban tuna an yi maganar kujeru ba."

Wallahi ya tuna. A kamfani abin da ka nema shi ake rubutawa, su jiƙa ka da jira. Dila kuwa abin da ya kwantai a filinsa shi yake son ɗora maka. Na zazzage masa duk Faransancin da na tara tun daga jami'a, har wata mata ta fasa shigowa. Shi ko a jikinsa, tayin ragi ma yake min.

Alhaji ya ja hannun rigata. "Kai, Issufu, mi ya yi zahi? Wagga mota a Maradi mutum tara ka shiga, da buhun gero bisa. Jarirai ai a cinya aka riƙe su."

Jama'a, me zan ce? Bai yi ƙarya ba, ƙirgar gida ya yi. Na ce, "Haka ne, Baba." Haushin kaina ya fi na kowa ci na.

Daga bakin titi na kira kamfani. Matar da ta ɗauki wayar ta ce motata ta iso ranar Juma'a da yamma, an ba na bayana a layi. Sabuwar oda, wata huɗu.

Komawa

Jirgin ƙarfe uku, tikitin gaggawa yuro casa'in da ɗaya. Alhaji ya rako ni tasha da ledar kilishi yana cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce. Wayata ta yi ƙara sau huɗu a hanya, Hadiza ce, ban ɗauka ba.

Shida da rabi na fito daga metro. Tun daga nesa na hango su a ƙofar bene. Ta sauko da yaran duka huɗu, ta yi musu wanka, ta sa musu kayan Sallarsu, ga kujerun jarirai biyu a ƙasa suna jiran a ɗaura. Babban yaron ya rugo yana tambaya a ina na faka. Hadiza ta dubi ledar kilishin, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi jin daɗi.

"Ɗauko kujerun," ta ce. "Lif ya mutu, sai ta matakala."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji da shinkafa. Kujerun nan na hau da su hawa bakwai, ɗaya a kowane hannu.